Bande: Kayan Bosho da Rufin Asirin Mata Masu Yoyon Fitsari

A bakin Bahaushe kalmar sutura fuska biyu gare ta. Ita ce tufar da mutum yake sawa a jikinsa, ita ce kuma rufin asirin da kowane bawa yake roƙon Ubangiji Ya yi masa duniya da lahira. Mai lafiya yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa tsayawa ya auna dangantakar da ke tsakanin ma'anonin nan biyu ba. Wadda ta san ta ciki da bai ita ce macen da doguwar naƙuda ta bar wa ciwon yoyon fitsari, domin kuwa kowace safiya sai ta ƙirga zannuwanta da suka bushe kafin ta san ko za ta iya zuwa barkar haihuwa, ko gaisuwar mutuwa, ko kuwa a ƙuryar ɗaki za ta wuni. A Bande da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar sauran karkarar jahar Damagaram, wannan lissafi sau da yawa a gaban tulin kayan bosho yake ƙarewa.

Bande da hanyar asibiti

Bande ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin gundumar Magariya, a kan titin da ya taso daga birnin Damagaram ya bi ta Magariya har ya dangana da iyakar Nijeriya. Ƙasa ce ta manoma, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi, da rake a cikin fadamu, kuma tana cikin yankunan da suka fi yawan jama'a a Nijar. A ƙidayar 2012 mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 100, na gundumar Magariya kuwa sun haura dubu 570, ban da Dungas wadda aka cire daga jikinta aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a faɗin ƙasa a wannan shekara ta 2012 ya nuna cewa, idan aka raba daidai, mace a jahar Damagaram tana haihuwa fiye da sau 8, kuma kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar an yi musu aure kafin su cika shekara 18.

Wanda yake bakin titi asibiti bai yi masa nisa ba. To amma galibin jama'a a bayan titi suke, inda sai an ratsa rairayi a kan amalanke ko babur kafin a kai ga gidan likita mafi kusa. Ga kuma al'adar kunya, wadda take sa yarinya mai haihuwar fari ta danne ciwo ta yi shiru, ga jiran izinin maigida wanda wataƙila ya tafi cin rani Kano ko Legas. Tun 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin aikin fiɗa na ciro jariri, amma kuɗin mota da na abinci da na ƴan rakiya suna nan a wuyan iyali. Kafin a gama shawara a ɗauki mai naƙuda zuwa Magariya ko Damagaram, sau da yawa an kwana biyu ko uku.

Yadda ciwon yake samuwa

Cikin waɗannan kwanaki ne ɓarnar take aukuwa. Kan jariri yana tokare a ƙugu, ya danne naman da ya raba mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Bayan ƴan kwanaki sai mataccen naman ya faɗi ya bar kafa, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana ba tare da mace ta iya riƙe shi ba. Wani lokaci kafar takan haɗa har da dubura. A mafi yawan irin wannan haihuwa ba a samun jaririn da rai, wasu matan kuma jijiyar ƙafarsu takan taɓu har su riƙa jan ƙafa. A ƙasar Hausa akwai wani dalilin kuma, wato yankan gishiri da wanzamai ko ungozomomin gargajiya suke yi da aska, wanda yakan zarce ya huda mafitsara. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma alhakin wani ne ya kama mace ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin dubu 500 ne suke fama da ciwon a duniya, akasarinsu a Afirka da kudancin Asiya.

Ƙodar babban mutum tana tace fitsari lita ɗaya zuwa biyu a kowace rana. Ga mai yoyo, duk wannan ruwa tufa ce take shanye shi. Daga nan ne maganar ciwo take komawa maganar zane, da sabulu, da guga, da igiyar shanya.

Inda dila take fitowa

Ƴan kasuwa sun san tarihin bosho, wanda maƙwabta a Nijeriya suke kira gwanjo, fiye da kowa. Tufafi ne da mutanen Amurka da Ingila da Jamus da Sin da Koriya ta Kudu suka sa suka ajiye. Ƙungiyoyin agaji da kamfanoni suna tattara su, a ware su iri iri da daraja daraja, a danne su da inji a ɗaure dila dila, kowace mai nauyin kilo 45 zuwa 55, a loda a jirgin ruwa. Shekaru da dama Kwatano da Lome ne ƙofar shigowarsu. Da yake Nijeriya ta sa su cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su, Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram sun zama zangon da kaya suke sauka kafin wani kaso ya tsallaka iyaka ya bayyana a kasuwanni irin Ƙofar Wambai ta Kano. Abin da ya rage yana bazuwa daga kasuwar Dole ta Damagaram zuwa kasuwannin mako na karkara, har da na ƙasar Magariya, inda ake ciniki da sefa da naira a rumfa ɗaya.

Karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta sa sabuwar tufa ta waje ta fi ƙarfin talaka, har da ƙaramin ma'aikaci, sai bosho ya samu shiga gidajen da a da ake jin kunyarsa. Masaƙun yankin kuma suka bi juna suna durƙushewa, ciki har da manyan masaƙun Kaduna waɗanda suka rufe a shekarun 2000. Akwai masu ɗora wa bosho laifin mutuwar masaƙu, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. Ƙasar Ruwanda ma ta tsawwala masa haraji a 2016 domin ta kare masana'antunta. Sai dai duk mai wannan muhawara ya kamata ya tuna da wanda ba shi da wata mafita. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da lokacin da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, tsadar dako ta hau kan kowace dila, kuma a ƙarshe mai sayen tawul guda ɗaya a ƙauye ita ta biya.

Atamfa a waje, bosho a ciki

Macen karkara ba ta fita unguwa da rigar Turawa. Shigarta zane ce da riga da kallabi da mayafi ko hijabi, kuma turmin atamfa na yadi shida, wanda yake ba da zane uku, dukiya ce da ake adanawa a akwati tun daga lefe. Fitsari da yawan wanki suna cin launin atamfa, suna sa ta tsufa tun lokacinta bai yi ba. Macen da take da zanen fita guda ɗaya ko biyu, idan ta bari yoyo ya kai gare su, cikin wata kaɗan za ta rasa abin da za ta shiga mutane da shi.

Nan ne amfanin bosho yake. Abin da mai yoyo take nema a cikin dila ya bambanta da abin da samari suke rububi a kai ranar da aka fasa ta. Tana neman tawul, da zanen gado na auduga, da bargon jarirai mai laushi, da rigunan auduga marasa maɓalli, waɗanda za a yayyanka a ninka su zama ƙunzugu. Tana neman siket mai kauri da mai duhun launi wanda zai zama fatari a ƙarƙashin zane. Auduga tana shan ruwa, tana jure wanki, iska kuma tana ratsa ta. Yadin roba kuwa ba ya shan ruwa, yana tara zafi, yana ƙara wa fata ƙuna. Ƙunzugun kanti na manya da ake sawa sau ɗaya a jefar yana nan a manyan shagunan magani na birane, amma wadda take bukatar sauyi sau da yawa a rana, shekara da shekaru, kuɗin gero ma bai ishe ta ba balle nasa. Saboda haka tsohon tawul da wani ya jefar a wata ƙasa shi yake tsare zanen lefe, zanen lefe kuma shi yake tsare matsayin mace a cikin tsararrakinta.

A bisa al'ada matan aure masu ƙuruciya ba su cika cin kasuwa da kansu ba. Uwa ce take zuwa, ko ƙanwa, ko kuwa dillaliya ta shigo da ƙunshi har tsakar gida. Dillaliya mai hankali tana gane abin da ake ciki idan ta ga gida ɗaya kullum tawul da tsofaffin zannuwan gado yake tambaya alhali babu jariri a cikinsa, kuma amanarta ita ce ta kawo kayan ta kame bakinta.

Wahalar ba ta ƙare a saye ba. Kowane ƙyalle sai an wanke shi da sabulu an shanya, ruwan kuma daga rijiya ake jawo shi. Da damina shanya ba ta bushewa. Da hunturu jiƙaƙƙen zane a jiki azaba ce. A gidan da ake zaune da kishiya ko facala, igiyar shanya ma tana iya tona asiri, shi ya sa wasu suke wanki da asuba ko bayan isha, su shanya a cikin ɗaki.

Ado ba almubazzaranci ba ne

Wani zai ce mai ciwo ina ruwanta da kwalliya. Wannan magana ce ta wanda bai san abin da ciwon yake ƙwacewa ba. Yoyon fitsari ba kasafai yake kashewa ba. Abin da yake yi shi ne ya raba mace da tabarmar da ake zama a kai tare, da kwanon da ake ci tare, da sana'ar fura ko ƙosai da take samun na kashewa da ita, domin mutane suna ƙyamar sayen abinci a hannunta. Duk ranar da ta yi kitso, ta sa kwalli, ta ƙunsa lalle, ta turara zanenta da turaren wuta, ta shafa humra irin wadda matan Damagaram da Barno suka gada, ta zaɓi atamfa mai cunkoson zane wadda ba ta nuna jiƙa, to tana riƙe da gurbinta ne a cikin mata. Idan dangi suka fitar da anko na biki ta samu ta ɗinka nata, ta shiga sahu ta zauna, wannan rana tana ƙara mata ƙarfin zuciya fiye da yadda mai lafiya zai zata.

Wata masaniyar halayyar al'umma daga Amurka, Alison Heller, ta bi rayuwar mata 100 masu wannan ciwo a Nijar, ta rubuta littafi mai suna Fistula Politics. Abin da ta gano ya saɓa wa labarin da aka saba bayarwa cewa kowace mai yoyo korarriya ce da aka yasar a bukka. Da yawa daga cikinsu iyayensu mata sun tsaya musu, wasu aurensu bai mutu ba, wasu kuma sun shekara suna ɓoye ciwon ga maƙwabta, har ga kishiya, wani lokaci har ga miji, ta hanyar tsananin tsafta da ƙunzugu da turare. Wannan aiki ne na dabara da juriya wanda ba a yaba wa kowa a kansa, domin nasararsa ita ce kada kowa ya sani.

Addini ma bai rufe musu ƙofa ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayanin hukuncin wanda fitsari yake zubo masa ba da ikonsa ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, sabunta alwala ga kowace salla mustahabbi ne ga mai irin wannan lalura, kuma malamai sun yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufarsa. Macen da ta bar salla domin tana ganin ba ta da tsarki tana bukatar malamin da zai gaya mata haka a fili.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Sai dai rufin asiri yana da nasa haɗarin. Domin rage yoyo, mata da yawa suna rage shan ruwa, sai fitsari ya yi kauri, warinsa ya ƙaru, ya riƙa ƙona fata, har ya kai ga tsakuwa a mafitsara da ciwon ƙoda. Wasu suna sa leda a tsakanin ƙyallaye, ita kuwa tana dafa fata ta jawo gyambo. Abin da ma'aikatan lafiya suke shawarta shi ne a sha ruwa da yawa, a riƙa sauya ƙunzugu da zarar ya jiƙe, a shafa man baselin domin kare fata, a kuma wanke duk wani kayan bosho da sabulu a shanya a rana kafin ya taɓa jiki. Babban haɗarin kuwa shi ne mace ta ƙware wajen ɓoyewa har ta ɓoye wa likita.

Ciwon yana da magani, kuma maganin bai yi wa Bande nisan da ake zato ba. A birnin Damagaram ana yin aikin a cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, ƙungiyar Solidarité kuma ta daɗe tana tallafa wa matan. A Danja, kudu da Maraɗi, an buɗe asibiti na musamman domin wannan ciwo a 2012. A Yamai akwai cibiyar ƙasa, da ƙungiyar Dimol wadda Salamatou Traoré ta kafa a 1998. A tsallaken iyaka, ƙungiyar likitoci ta MSF tana yin aikin kyauta a Jahun ta jahar Jigawa tun 2008. A Babbar Ruga ta Katsina, likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke masu yoyo a 1984, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci har a kudancin Nijar. Shi ne ya yaɗa dabarar sa robar fitsari da zarar yoyo ya fara, domin ƙaramar kafa sabuwa tana iya rufewa da kanta ba tare da wuƙa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a garzaya asibiti a makon farko. Bayan aiki ana barin robar kimanin mako biyu, a ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a yi ta a asibiti.

A Adis Ababa ta ƙasar Habasha, asibitin da likitoci Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe a 1974 ya kafa wata al'ada: duk macen da aka sallama ana ba ta sabuwar riga ta koma gida da ita. Likitocin sun fahimci cewa wadda ta bar ƙauye da tsummoki masu wari, idan ta komo da sabuwar tufa, jama'a za su ga warakar da idonsu tun kafin ta buɗe baki. Amma gaskiya ita ce ba kowace ake sallama a bushe ba. Binciken Heller ya nuna cewa wasu suna shafe watanni suna jiran layi a cibiyoyi, wasu an yi musu aiki fiye da sau ɗaya yoyon bai tsaya ba. Waɗannan su ne za su ci gaba da bukatar tawul da sabulu har iyakar rayuwarsu, su ne kuma aka fi mantawa da su idan an gama bikin ranar 23 ga Mayu, wadda duniya take tunawa da wannan ciwo tun 2013.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa da ma'aikaci

Mai fasa dila ya san cewa bayan zaɓin farko da na biyu akwai ragowar da take kwantai: tawul mai tabo, zanen gado mai ƴar yagewa, rigar da ta fi ƙarfin kowa. Idan audugar cikinsu aka ware, aka wanke, aka kai wa ungozomar gidan likita ko cibiyar da ake kwantar da matan, tare da sabulu, sadaka ce wadda ba ta karya jari. Attajirin da yake fitar da zakka ko yake raba turame da azumi yana iya tunawa da wadda za a sallama daga asibiti. Tela yana iya koyon ɗinka ƙunzugu mai ninki da fatari mai shafi biyu, ya sayar da araha ba tare da tambayar wa za ta sa ba. Direban da aka tasa da dare domin mai naƙuda, ya sani cewa sa'o'in da ya ɓata yana ciniki suna iya zama shekarun yoyo.

Ma'aikaci kuma, malamin makaranta ne ko malamin asibiti ko na ƙaramar hukuma, maganarsa tana da nauyi a ƙauyensu. Shi zai iya gaya wa dangi cewa naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba ta gida ba ce, cewa yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba tana cikin haɗari idan ta ɗauki ciki, cewa aska ba ta maganin gishiri. Shi zai iya rubuta takardar turawa, ya nemi motar asibiti, ya bi sawun wadda aka tura har a ga an karɓe ta. Miji kuwa da ya riƙe matarsa, ya sayo mata sabulu da turare, ya raka ta Damagaram ko Danja, ya yi abin da ake kira mutunci.

Hausawa suna cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma wannan ciwo a ɗakin aure aka same shi, wajen haifa wa gida magaji, don haka nauyinsa yana kan maza da mata baki ɗaya. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya suturta kowa da suturarsa.